Zama a Bakin Hazira: Tambayoyin Mutanen Dindir da Rahad kan Ƙasa, Gona da Faɗaɗar Ƙauye

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na gaɓar kogin Rahad ko na Dindir a nan Sudan ya san hirar da ake yi bayan sallar la'asar. Ana farawa da farashin riɗi, a gangaro kan ruwan bana, sai a ƙare a kan ƙasa: yara sun yi aure babu filin gini, gona ta gaji, gaba hazira baya mashru'i, wato babbar gonar tarakta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin mutane. Na tattara su, na amsa gwargwadon abin da na sani, kuma inda nake da ra'ayi na faɗe shi a fili.

Wai mene ne hazirar nan, kuma daga ina ta fara zuwa ina?

Hazira ita ce gandun namun daji na Dindir, wanda gwamnati yanzu ta fi kira mahmiyya. Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi a 1935, shekara biyu bayan yarjejeniyar da aka yi a Landan a 1933 kan kare dabbobi da tsirran Afirka. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take so mutum da daji su rayu tare, a 1983 aka ƙara masa faɗi, a 2005 kuma aka shigar da shi jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. Girmansa yau ya kai murabba'in kilomita 10,000 da ɗoriya, wato kusan faddan miliyan biyu da rabi in ka lissafa da ma'aunin da muka saba. Ya taɓa jihohi uku: Sinnar, Gadarif da Nil Azrak. Ta gabas ya jingina da iyakar Habasha, inda suma suka keɓe nasu dajin mai suna Alatash.

Masu tsaronsa 'yan sanda ne na musamman, 'yan sandan namun daji, kuma dokar da suke aiki da ita ita ce ta 1986. Babban sansaninsu a ciki shi ne Galagu.

A takarda iyakar a bayyane take. A ƙasa kuwa, wurare da yawa babu shinge, babu dutsen alama, sai wata tsamiya ko wani kwari da dattijo zai nuna maka ya ce nan ne. Rabin rigimar daga nan take tasowa.

Mu muka tarar da ita, ko ita ta tarar da mu?

Ya danganta da ƙauyen da kake magana a kai. Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa ƙasar nan a kan hanyar hajji, wasu su yada zango su yi noma shekara biyu ko uku don samun guzuri, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nil Azrak kusa da Sinnar. Daga can da sauran zangunan mutanenmu suka bazu gefen koguna, masu noman jarf, wato shuka a bakin kogi bayan ruwa ya janye, masu su, masu lambu. Akwai ƙauyukan da suka girmi hazira.

Akwai kuma waɗanda hazira ta girme su nesa ba kusa ba. Farin 1984 da 1985 ya koro jama'a daga Darfur da Kurdufan da Cadi, da yawa suka sauka a gaɓar Rahad domin akwai ruwa, akwai itace, akwai aikin ƙodago a manyan gonaki. Sannan ga rukuni na uku: ƙauyukan da suka kwana a waje suka tashi a ciki, saboda faɗaɗawar 1983 ta haɗiye su. A can ciki ma akwai tsohon ƙauyen Magano, wanda mutanensa suka riga dokar zuwa wurin.

Don haka in ma'aikaci ya ce duk ku masu kutse ne, bai yi adalci ba. In kuma ɗan'uwanmu ya ce duk mun riga ta, shi ma ya san ya ƙara gishiri.

Ga ƙasa shimfiɗe har iya ganin ido. Me ya sa gona ta yi wuya haka?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, don haka zan ɗan jima a kanta. Mutum yana tsaye a bakin ƙauye, ya ga dajin hazira kore shar, sai ya ɗauka shi ne ya tare masa hanya. Ya juya baya ya duba.

Noman tarakta a ƙasar laka ya fara ne a yankin Gadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, don ciyar da sojojin Ingila. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, da rancen Bankin Duniya, aka shiga yanka daji ana rabawa. Mashru'i guda yakan kai faddan 1,000 zuwa 1,500. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ke nan mashru'i mai faddan dubu ya haura murabba'in kilomita huɗu, a hannun mutum ɗaya. Waɗanda suka samu galibi 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshi daga birane, domin su ke da jarin sayen tarakta da ƙafar shiga ofis. Bayan gonakin da aka tsara, sai waɗanda ba a tsara ba suka biyo baya: mutum ya kawo tarakta ya share daji, in ya shekara biyar yana nomawa sai ya nemi takarda. A wurare da dama waɗannan sun fi na tsarin yawa.

Irin wannan noma ba ya riƙe ƙasa. Ana tumɓuke itatuwa kaf, a zuba dawa bayan dawa ko riɗi babu taki babu hutu, bayan wasu shekaru ƙuduji ya mamaye, wanda Larabawa ke kira buda, amfani ya faɗi. Sai mai gona ya matsa gaba ya sari sabon daji. Gaban nan kuwa kudu ne da gabas, wato wajen hazira. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na kowace gonar damina da itatuwa. Ka hau mota daga Gadarif zuwa Hawata ka ƙirga gonakin da suka cika wannan sharaɗi, ba za ka gaji da ƙirga ba.

To ga yadda abin ya kasance. Makiyayi ya rasa makiyayarsa ta damina da burtalinsa, ya matso. Ƙaramin manomi mai bildat, wato 'yar gonar damina ta gargajiya, ya rasa dajin da zai ƙara gona, ya matso. Namun dajin ma da can sukan fita daga hazira da damina su bazu a filayen arewa har wajen Butana, su dawo da rani. Filayen suka zama gonaki, raƙumin dawa ya ɓace daga Dindir, wasu irin barewa da dari suka bi shi. Kowa an tura shi zuwa siririyar ƙasar da ta rage tsakanin mashru'i da iyakar hazira, shi ya sa muke ta tattaka juna a ciki.

Gonar da kakana ya sara da hannunsa, ba tawa ba ce?

A al'ada taka ce, kuma duk ƙauye zai shaida. A doka maganar ta ɗan karkace. Dokar rajistar ƙasa ta 1925 ta yi aiki ne a birane da bakin Nilu na arewa da Jazira. Ƙasar damina irin tamu kusan duk ba a yi mata rajista ba. A 1970, zamanin shugaba Numairi, aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Shekara guda bayan haka aka rushe mulkin gargajiya na nazirai da umdodi da shehunan ƙauye, waɗanda su ne masu rabon gona da sasanta iyaka. An dawo da su daga baya, amma ba da ƙarfinsu na da ba. Dokar mu'amala ta 1984 ta maye gurbin ta 1970, ta amince cewa wanda ya raya ƙasa yana da haƙƙin cin moriyarta, sai dai asalin mallaka ya zauna a hannun gwamnati.

Ma'ana, abin da ke hannunka moriya ce. Moriya kuwa ana kare ta da shaida. Takardar hiyaza, wato shaidar cewa gonar tana hannunka, daga shehu da kwamitin ƙauye, wadda mahalliyya (ƙaramar hukuma) ta buga wa hatimi, ba ta kai shahadar bahas, takardar rajista ta ofishin filaye, ƙarfi ba, amma ta fi babu nesa. Rasiɗin zakka da na haraji da ka biya a kan amfanin gonar, ajiye su. Sunayen maƙwabtan gona ta kusurwa huɗu, rubuta su tun suna raye. Na ga shari'ar da aka ci da tsohon rasiɗi mai tabon shayi, na kuma ga wadda aka rasa da shaidu goma na baka.

Ana ta cewa haramin ƙauye. Mene ne shi, kuma yaya ake samunsa?

Haramin ƙauye shi ne ƙasar da ke kewaye da gari wadda aka hana bayar da ita ga mashru'i ko wani mai zuba jari, aka bar ta don gidajen gobe, ƙananan gonaki, kiwon awaki da jakuna, itacen girki, maƙabarta, makaranta da hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama. A ganina babu takardar da ta fi wannan muhimmanci ga ƙauyen da ke bakin hazira, kuma ita ce wadda muka fi sakaci da ita. Mun fi son mu yi ta kai ƙara kan iyakar daji, wadda ba mu da ikon motsa ta, mu bar iyakar baya tana cinye mu taku-taku kowace damina.

Ana nemansa ta hannun mahalliyya zuwa hukumar tsara filaye ta jiha, masu safiyo su zo su auna, a kafa alamu, a sa a taswira. Kafin su zo, ƙauye ya yi nasa lissafin, domin in ba ku kawo adadi ba za a yanka muku abin da ya sawwaƙa. Misali kawai: ƙauye mai gida 200, kowane gida na noma faddan 10, gonaki kaɗai sun ci faddan 2,000. In jama'a na ƙaruwa da uku cikin ɗari a shekara, cikin shekara 24 sun ninka. Ke nan yaron da aka raɗa wa suna bana, ran da zai nemi gonarsa ƙauyen na buƙatar faddan 4,000, ba a sa makiyaya da kurmin itace ba. Faddan 4,000 ɗin nan mashru'i uku ne ko huɗu. In ka faɗa wa ma'aikaci cewa abin da ƙauye guda ke nema bai wuce abin da mutum huɗu ke riƙe da shi ba, maganar takan shiga kunne.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, a ja haramin ya yi baya, wajen gonaki, kada a ja shi ya doshi hazira. In ya doshi hazira ba za a sa hannu ba, kuma kun ba da hujjar a kira ku masu kutse. Na biyu, a zauna da maƙwabtan ƙauyuka da makiyayan da ke ratsawa kafin a kira safiyo. Haramin da aka auna a ɓoye, ran da aka kafa dutsensa ran ake tumɓuke shi.

A cikin garin kuma, tun ran gini ran zane. A bar tituna masu faɗin da motar ɗaukar mara lafiya za ta wuce, a bar tazara tsakanin rukunin bukkoki saboda gobara, a ware filin makaranta da na asibiti ko da babu kuɗin gini yanzu. Garin da aka tsara shi ne ake kai wa famfo da malami.

An ce an raba hazira kashi uku. A wanne aka yarda mu shiga?

Tsarin wuraren UNESCO haka yake: akwai cibiya, inda ba a noma ba a kiwo ba a sara, akwai zoben da ke kewaye da ita, inda ake yarda da wasu abubuwa da izini, akwai kuma gefen waje, inda mutane ke zaune suna sana'a bisa sharaɗi. A farkon shekarun 2000 an yi wani shiri da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka rubuta wa Dindir tsarin gudanarwa a kan wannan rabo, aka kafa kwamitocin raya ƙauyuka da ɗan asusun juyawa. Da kuɗin shirin suka ƙare, abubuwa da yawa suka kwanta. Kafin ka shiga neman ciyawa ko wani abu, ka je ofishin 'yan sandan daji mafi kusa ka tambaya, ka karɓi izinin a rubuce. Izinin baka yana tafiya ne da wanda ya ba ka shi ran da aka canza masa wurin aiki.

Ni makiyayi ne. Ina ake so in kai shanuna da rani?

Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya amsa ta da "ka bi doka" kawai bai taɓa tsayawa da garke a watan Afrilu ba. Kogin Dindir da na Rahad daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, su cika da damina, da rani su koma yashi da 'yan tafkuna. A lokacin, ciyawa ɗanya da ruwa suna cikin hazira. Kafin 2011 garkuna da yawa, na Rufa'a da Kinana da Fulani, sukan wuce kudu su yi rani a ƙasar da yanzu ta zama Sudan ta Kudu. Da aka raba ƙasa hanyar ta yi wuya, da yawa suka dawo suka cunkushe a Sinnar da Nil Azrak.

Shiga hazira da dabbobi laifi ne. Ana kama garke, a ci tara, wani lokaci a ƙwace wani kaso, kuma an sha zubar da jini a kan haka daga ɓangarorin biyu. Maganin yana waje: burtali, wanda a nan ake kira masar, a buɗe shi da faɗinsa na gaskiya a kafa masa alamu, a bar mashekari inda garke zai kwana, a haƙa hafir a kan hanyar, nesa da iyakar daji da nesa da gonakin ƙauye. An yi dokar makiyaya ta ƙasa a 2015, jihohi ma suna da nasu dokokin burtali. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce wa mai tarakta ya ja da baya.

Ga manomanmu kuma: burtalin da ya ratsa ta bayan gari, kada a shuka shi don an ga shekara biyu ba a bi ba. Shekara ta uku za a bi, kuma ta cikin dawarka.

Me ya sa suka fi tsananta tsaro a kan maya?

Maya fadama ce da kogi ya bari a tsohuwar hanyarsa. Tana cika da ambaliya, ta riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. Ɓauna, gwambaza, kwanta-rafi, gadu, jimina da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai duk a kanta suke rayuwa, zaki kuma yana biye da su. Garken shanu dubu in ya sauka a maya guda, cikin 'yan kwanaki ya tattake ta ya shanye. Ga cuta da ke tsallakawa tsakanin shanu da ɓauna ta kowane gefe. Wasu mayoyin ma sun riga sun cike da laka sun bushe, saboda zaizayar ƙasa da gobara sun toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga. In maya ta mutu, dajin da ke kewaye da ita itatuwa ne kawai.

Gawayi da zuma da kifi fa? Da su muke cin abinci da rani.

Gawayi shi ne mafi ɓarna, kuma shi ne wanda talaka ya fi shan wahala ya fi samun kaɗan. Kai ka sari ɗushe, kai ka haɗa kamina, wato tulin itacen da ake turnuƙewa ya zama gawayi, kai ka kwana kana gadin wuta, kai za a kama. Mai lori da ya kai Wad Madani ko Khartum shi ke cin riba. In ƙauye na da harami, a ware wani yanki a yi masa rajista a matsayin kurmin jama'a ta hannun hukumar gandun daji ta ƙasa. Doka ta yarda da haka. A dasa ɗakwara, wadda ake kira hashab: shekara huɗu zuwa biyar ta fara ba da ƙaro, tana gyara ƙasa, kuma kurmi mai rajista ba a iya bayar da shi ga mashru'i cikin sauƙi. Wato katanga ce da ke biyan kuɗin kanta.

Zuma ba ita ce matsala ba, wutar da ake kunna wa itace don a kore ƙudan ita ce. Gobarar daji da yawa daga nan take. Amya a bayan gida ta fi. Kamun kifi kuwa sana'ar iyayenmu ce, ba wanda zai koya wa Bahaushe jefa taru. Amma taru mai ƙananan ido da zuba guba a tafki, wannan kowane sarkin ruwa na kirki ya san haramun ne tun kafin a yi wata hazira.

Birai da gadu sun cinye mini gona. Wa zai biya?

Kada ka sa rai da diyya. Ka kai rahoto a rubuce duk da haka, domin yawan rahoto shi ke sa a turo masu kora. Gonar da ta manne da daji ita ke shan kashi, don haka masara da gyaɗa da kabewa a matsar da su kusa da gari, a haɗa gonakin gefe wuri guda a riƙa gadi da karɓa-karɓa. Kada a sa guba. Tana kashe ungulu da karen maƙwabci, ta kuma kai ka gaban alƙali.

Gaskiya ne za a tashe mu?

Wannan jita-jita ta girmi yawancin masu yaɗa ta. An sha yin maganar kwashe ƙauyukan da ke ciki, ba a yi ba, domin babu inda za a kai su sai an karɓe ƙasa daga masu mashru'i. Amma tashi ba abin da ba ya faruwa ba ne a ƙasar nan. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka kammala a 2013, an kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. Gidaje an gina, amma mai noman jarf da masunci da aka nisanta da bakin ruwa sun san abin da suka rasa, kuma maganar gonakin da za su noma ta bar baya da ƙura. In har aka zo muku da batun tashi, tambayar farko ita ce gona: ina take, faddan nawa, wa ke da'awarta yanzu, kuma wace takarda za a ba ku a kanta. Maganar bulo da kwano ta biyo baya.

Abin da ya faru a Nil Azrak a 2022, ba ya nuna cewa maganar ƙasa ma haɗari ce gare mu?

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ta kowane ɓangare. Rikicin ya tashi a watan Yuli a Rusairis da Damazin da Gaisan da kewaye, ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Abin da ya kunna shi shi ne neman a ba Hausawa masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya na yankin, wanda wasu ƙabilun suka ɗauka neman ƙasa ne, domin a Sudan sarauta da ƙasa a ɗaure suke. 'Yan siyasa kuma suka hura.

Darasin da ni na ɗauka shi ne a bambanta abu biyu. Haramin ƙauye da hiyazar gona haƙƙi ne na ɗan ƙasa mazaunin wuri, ko wane yare yake yi, kuma ana nemansu da sunan gari. In garinku akwai Masalit da Larabawa da Fulani da Hausawa, sunayensu duka su hau takardar, shehunansu duka su je ofis tare. A kai wa umda da nazir ko mak, wato sarkin gargajiya na yankin, gaisuwa, a sanar da su tun farko, a nemi albarkarsu. Wani zai ce wannan ƙasƙantar da kai ne. Ni dai na ga takardar da aka bi ta wannan hanya ta fi daɗewa a raye.

Za mu buɗe sabuwar unguwa. Akwai abin dubawa ban da iyaka?

Akwai, kuma lafiya ce. Yankin Rahad da kudancin Gadarif na cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi ƙarfi a duniya. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke kawo ta, bai kai sauro girma ba, yana zama a inda ɗushe da aduwa suka yi yawa a kan baƙar laka mai tsagewa, yana cizo da dare, musamman a ƙarshen rani lokacin da kowa ke kwana a waje. Unguwar da aka kafa a cikin irin wannan kurmi, yaranta ne za su biya. A zaɓi tudu mai tsakuwa ko jigawa in akwai, a share kewayen gida, a kwana cikin gidan sauro mai magani. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama da kumburin saifa, a kai asibiti a yi gwaji. Ana warkewa da allura, in an bari kuwa tana kisa.

Sai ambaliya. Rahad da Dindir sukan yi shekaru suna lafiya, rana ɗaya su tuna tsohuwar hanyarsu. A tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa, a gina sama da nan.

Yaƙi ya watsa mu, mun dawo mun tarar da baƙi a fili, ofis kuma babu fayil. Daga ina za mu fara?

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja da garin Dindir a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe su a ƙarshen shekarar. Jama'a sun gudu ta hanyar Hawata zuwa Gadarif, wasu sun fake a ƙauyukan bakin daji, kuma ba duka za su koma ba. Wanda ya gudo da ransa ba a kore shi. Amma a zauna da shi a gaban shehu da liman a rubuta: wannan fili aro ne ko kyauta, na shekara nawa, gini na ciyawa ko na ƙasa. A sauke baƙi a gefen gari na baya, inda ake so garin ya faɗaɗa, kada a tura su bakin hazira don can ne babu mai magana.

Takardun da suka tsira, kowa ya ɗauki hotonsu da waya ya aika wa ɗan'uwa a wani gari. Waɗanda suka ƙone, a tara dattawa da maƙwabtan gona tun ana tuna iyaka, a zaga da ƙafa, wani yaro mai waya ya ɗauki lambobin wuri a kowace kusurwa, a rubuta a littafi guda biyu. Ɗaya ya zauna wurin shehu, ɗaya a masallaci.